Jandarmomin Fada

Ranar Talata na je fada da maganar takin da za mu haɗa kuɗi a sayo mana daga Tasawa, ban samu mai saurarena ba. Duk an dunƙule kan salula guda mai tsagaggen gilashi, ana shari'ar Abale na cikin fim ɗin A Duniya. Kowa ya ga abin da ya aikata, wannan babu gardama. Dalilinsa ake tono.

Telan bakin kasuwa ne ya fara. Wai duk mai kunne ya ji muryar nan ya san an yi wa yaron yayen wuri. "Wallahi Malam, wannan bai cika wata goma sha biyar a nono ba." Mai kabu-kabu ya ce sha uku. Aka yi ta ciniki har aka daidaita a sha huɗu. Daga nan sai neman wanda ya sa aka yaye shi, nan take aka gano kishiyar uwa. Matar nan ko inuwarta ba ta taɓa giftawa a fim ɗin ba, babu marubucin da ya san da ita a Kano, amma a nan Urafane an san tsayinta, an san tana da wushirya, an san ita ta hana shi kunu. Wani dattijo da ya biyo karɓar canjinsa ya tsaya ya tsine mata, aka amsa da amin.

Haka aka yi wa Baba Ɗan Audu na fim ɗin Labarina. Rabi'u Rikadawa da ke fitowa a matsayinsa yana can yana cin tuwonsa, mu nan muna rantsuwa cewa son kuɗin tsohon ya samo asali daga wata gonar gado da aka cinye masa. Gonar ma har iyakarta an shata.

To, ga abin da ke ci mini rai. Bari a kama yaro da akuyar wani ranar kasuwa, ka ga ko akwai mai tambayar watan da aka yaye shi. Masu binciken nan su ne na gaba da sanda. Ɓarawon cikin salula yana da uwa da tarihi da uzuri, na gabanmu kuwa sai ya kumbura kafin a tuna akwai jandarma. A 2021 hukumar tace fina-finai ta Kano ta hana nuna satar mutane da ƙwacen waya da shan ƙwaya a fim, don kada yara su koya. Da sun leƙo nan da sun ga manya ne ke ɗaukar darasi, na lauyanci, kuma bai taɓa amfanar mai rai ba.

Ana cikin haka salula ta mutu. Wannan ma magana ce. Mai caji ya karɓi kuɗinka da safe, da la'asar ya miƙo maka abarka da zafi, ka ɗauka ta ƙoshi, ashe rana ce ta gasa ta. Ka koma da ƙorafi ya ce laifin batirinka ne. Kowa a fada ya sha wannan, kuma jiya ma na ga telan a layi, hannu biyu, yana cewa, "Yallaɓai, a taimaka a sa tawa kusa da soket mai kyau."