Tsoro na Daji, In Ji Wa?

To malam, tun daga nesa na hango ka kana yatsina fuska. Ka ce me za a tsinta a labarin wani ɗan mitsitsin garin Turawa mai titi ɗaya, coci ɗaya, ɗan sanda ɗaya, sai wani abin al'ajabi da ke laɓe a bayan gari? Ka ce tatsuniya ce aka ɗaura wa laktaye? Gyara zama. Kai da aka yaye ka da labarin macijin rijiyar Kusugu, wanda ya hana mutanen Daura ruwa sai ranar Juma'a har baƙo ya zo ya raba gardama, yau kai ne mai raina na wasu?

Ka ce ai tsoro na daji, kunya na gida? Nan fa ka yi ɓatan kai. Duk daɗin littattafan da ke ba da irin wannan labari shi ne sun ɗauko tsoron daga daji sun shimfiɗa masa tabarma a zaure. A birni, in maƙwabcinka ya ɓace, sai mai gida ya zo karɓar kuɗin haya ake sani. A ƙaramin gari kuwa, kowa ya san kazar da ta yi ƙwai jiya. Saboda haka in yaro ya ɓace aka yi tsit, ba rashin sani ba ne, an rufe ƙofa da ɓarawo ne, kuma da shi aka raba goro.

Ga Shirley Jackson, marubuciyar Amurka, da gajeren labarinta "The Lottery", wanda mujallar The New Yorker ta buga a 1948. Ƙauye ne na mutum kamar 300. Safiya ta yi kyau, yara na tara duwatsu, magidanta na hirar shuka da haraji. A jawo ƙuri'a daga wani baƙin akwati, wadda ta faɗa kanta a jefe ta, kuma a hanzarta don a koma gida cin abincin rana. Har ɗanta ƙarami sai da aka damƙa masa tsakuwa. Babu aljani, babu maye, babu ko mage mai jan ido. Ka ce wa zai ɗauki wannan da zafi? Masu karatu suka yi ta soke rajistar mujallar, wasiƙu suka yi ta zuba, wasu ma tambaya suke a wane gari ake yin abin, ko za a bar su su je kallo. Ka ji 'yan birni masu wayewa!

Shi kuwa Stephen King gonar gado ya mayar da abin. Ya cika jihar Maine da garuruwan da ya ƙaga, Castle Rock, Derry, Jerusalem's Lot, waɗanda ko kyauta aka ba ka gida a cikinsu gara ka ce Allah amfana. A littafinsa It na 1986, wani abu ne ke tashi a Derry duk bayan shekara 27 ya ci yara, cikin shigar mai ba su dariya. Amma ni ba shi ke hana ni barci ba. Dattijon da ya ga ana bin yarinya, ya naɗe jaridarsa ya shige gida, shi ne.

Yauwa, ga shi ka ɗaga yatsa. Ka ce ƙarshensu lami ne? Kash! Wa ya tsegunta maka? To, na ba ka wannan, amma da hannun hagu. Mutum ya sha shafi sama da 1,000 na It yana haɗa gumi, a buɗe masa tukunya, sai ga ƙaton gizo-gizo. Gizon ma ba irin namu ba, ba wayo, ba tsamin baki, ba Ƙoƙi. A Under the Dome na 2009, an kife garin Chester's Mill da wani murfi da ba a gani, wani dillalin tsofaffin motoci ya zama fir'aunan gari cikin 'yan kwanaki, abin gwanin ban sha'awa. Wa ya kife su? Wai yaran wasu halittun sama ne ke wasa. Haba jama'a! Shirin talabijin na Twin Peaks ma haka ta same shi: tun 1990 ana tambayar wa ya kashe Laura Palmer, gidan talabijin ya matsa a faɗa, aka faɗa, 'yan kallo suka kaɗe riga, a 1991 aka naɗe tabarmar shirin. Dodo dai a cikin duhu yake dodo.

Akwai kuma raini. Sau da yawa mutanen garin kamar daga injin buga bulo suka fito: mashayi ɗaya, tsohuwa mai gulma, fasto mai ɓoyayyen zunubi. Marubuci Lovecraft kam, da garin Innsmouth da ya ƙaga, ƙyamar baƙi da auratayya ya lulluɓe da fatar kifi.

Ka ce ke nan ka ci gardama? Sannu, gwani. Nemi Pedro Páramo na Juan Rulfo, ɗan Meksiko, na 1955. Siriri ne, ba ya cika aljihun jamfa. Saurayi ya je garin Comala neman ubansa, ana tarbarsa, ana ba shi masauki, ana masa hira, ashe masu hirar duk sun daɗe a kabari. Babu murfin da za a ɗaga, balle ka yi dariya. Zan ara maka nawa yau da daddare. Fitilar nan da na ga kana dubawa ko akwai caji, ta mece ce?