In Ɓera da Sata, Waifai Ma da Wari

Jama'a, tunda babu baƙo a cikinmu, mu faɗa wa juna gaskiya: wane ne bai taɓa buɗe wayarsa ya bi jerin waifai ɗin unguwa ɗaya bayan ɗaya ba, yana duba wanda babu alamar kwaɗo a gefensa? Duk wanda ya ce bai taɓa ba, to 'yar Nokia mai tocila yake riƙewa. Mu ne masu katanga da fasassun kwalabe a kai, ƙofar ƙarfe da kwaɗo biyu, ga maigadi da gora, amma kalmar sirrin waifai ɗinmu 12345678. Na'urar rauta ce ma ta nace sai an ba ta aƙalla harafi takwas, ba don haka ba da a 1234 za mu tsaya. Masu wayon cikinmu kuwa sai su juya lambar ta koma 87654321, su kwanta da murmushi, wai sun rikita ɓarawo.

Akwai kuma masu sa lambar wayar maigida, lambar da ke rubuce ɓaro-ɓaro a allon shagonsa, ga ta a katin ɗaurin auren 'yarsa, har mai kayan miya ya haddace ta. Wasu su sa sunan auta da shekarar haihuwarsa, alhali duk layin sun ci tuwon sunan. Wani ya sa Arsenal da lamba a ƙarshe, wani Kano Pillars, kuma ga sitikar ƙungiyar manne a bayan motarsa. Sai kuma wajen raɗa wa waifai ɗin suna, nan ne muke nuna bajinta. Ka ga "Sayi Naka", ka ga "Ka Ji Tsoron Allah", ka ga "Babu Data A Nan". Wa'azi muke yi wa ɓarawo a bakin ƙofa, mun manta ba mu sa sakata ba.

Idan data ta ƙare kafin rabin wata, ba ma tsayawa dogon tunani, kamfani muke kamawa. "Wallahi mutanen nan zuƙe data suke yi!" Tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, zancen da ke kowace majalisa ke nan, daga teburin mai shayi har shagon aski. Kowa ya zama akawu, ana lissafin giga da mega. Amma babu mai tambayar kansa dalilin da ya sa samarin unguwa suka kamu da son dakalin ƙofar gidansa kwatsam. Dakalin nan babu inuwa, ga kwata a gefe, ga sauro, amma da an idar da sallar isha'i sai ka gan su jere, kowa ya sunkuyar da kai, hasken waya na haska fuska, babu mai ce wa wani uffan. Majalisa ba hira! Da an ɗauke wuta rautar gidan ta mutu, sai ka ji an yi tsaki a tare, kowa ya kaɗe wando, "To, sai da safe." Maigida kuma yana ciki yana yaba natsuwar yaran zamani.

Mu kan ɗauka wani gwanin kwamfuta ne ya yi mana kutse daga nesa. Ina! Da ɗan gari akan ci gari. Mu ne muke bayarwa da hannunmu, saboda kunya ba ta barin mu mu ce a'a. Baƙo ya zo, an gaisa, an tambayi iyali da gajiya, ko ruwan da aka kawo bai kai baki ba sai ka ji, "Kawu, don Allah mene ne faswod ɗin?" Yaya za ka hana ɗan ƙanwarka? Sai dabara ta zo: Kawu ya karɓi wayar, ya juya baya, ya kare da hannun babbar riga, ya danna a hankali yana motsa leɓe, ya miƙa masa da fuskar wanda ya gama tsare gida. Bai san cewa tun fitowar Android 10 a 2019, wayar da ta shiga waifai tana iya nuna shi a matsayin lambar QR, wani ya haska da kyamara ya shige ba tare da ya rubuta ko harafi ɗaya ba. Kafin Kawu ya gyara zama, abokan yaron uku sun shiga, su ma kowa da nasa abokan. Ga kuma manhajojin nan masu alkawarin waifai kyauta, waɗanda da yawansu aikinsu kwashe kalmomin sirrin da ke cikin wayoyin masu amfani da su, su raba wa duk wanda ya zo kusa. Ɗanka ya sauke don ya ci na wasu, ya wayi gari ya miƙa naku.

Kada kuma mu cika ɗaga murya, domin laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu da muke kuka a gida, mu ne muke yi a waje. A gidan biki, a ƙofar otal, a gidan surukai ma in an samu sarari. Mutumin da ba zai ɗauki allurar wani ba, shi ne zai kwana yana sauke finafinai da datar maƙwabci, in ka yi magana ya ba kansa fatawa: "Ai iska ce, ita ta shigo har ɗakina." Amma bari maƙwabcin ya yi sallama da safe yana cewa yana son magana, sai ka ga an yi wuf an kashe waifai, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Da asarar data ce kawai, da sai mu ce sadaka ce ta dole. Sai dai layin da ke cikin rautar da sunanka aka yi rajistarsa, kuma tun umarnin gwamnati na Disamban 2020 an ɗaure layuka da lambar NIN. In wani ya zauna a dakalinka ya damfari bawan Allah ta intanet ɗinka, sawun farko ƙofarka zai kawo masu bincike, kai da ko saƙon WhatsApp sai an karanta maka. Sannan wanda ya shiga waifai ɗinka yana iya kaiwa ga shafin saitin rautar kanta, wanda yawancinmu ba mu ma san da shi ba. Makullai biyu ne: na shiga waifai, da na shafin saiti. Na biyun a na'urori da yawa "admin" ne, kamar yadda aka fito da shi daga kwali, ba mu taɓa shi ba tun ranar da muka sayo a kasuwar Farm Centre. Yaro mai ɗan wayo zai iya shiga ya canza komai, ya kore ka daga abinka, ka koma kana roƙonsa ya duba maka ko sabis ne babu.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma liƙe bangon nan bai kai wahalar da muke zato ba. Ka juya na'urar, akwai 'yar takarda manne a ƙasa ko a ƙarƙashin batir, da adireshin shafin saiti, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Ka rubuta shi a wayarka inda kake rubuta adireshin intanet, ka shiga. Fara da canza "admin" ɗin nan. Sannan ka leƙa jerin na'urorin da ke haɗe, amma ka zauna tukuna kafin ka duba, don gidan mutum biyar yana iya nuna maka wayoyin rabin layi. A wajen nau'in tsaro ka zaɓi WPA3 in na'urarka tana da shi, wanda ya fito a 2018, in babu ka zaɓi WPA2 na 2004. In ka ga WEP ka guje shi, na 1997 ne, an daɗe da gano yadda ake fasa shi cikin mintuna. Akwai kuma WPS, mai ba da damar shiga da lamba takwas. A 2011 aka nuna cewa gwaji kusan 11,000 ya isa a cinko lambar, abin da kwamfuta ke yi ba gajiya. Kashe shi. In ka ga wurin sabunta manhajar na'urar, ka danna, ta nan kamfanoni ke toshe ɓarakar da aka gano. Masu ɓoye sunan waifai kuma su sani ba su yi wani abin kirki ba, wanda ya riga ya shiga yana nan, mai nema da gaske kuma zai gano.

Sabuwar kalmar sirri kuwa, tsawo ake nema, na'urar tana karɓar har harafi 63. Ka haɗa kalmomi huɗu da ba su san juna ba, ka cusa lamba a tsakani, kamar raƙumi da kwalba da Talata da gero. Amma don Allah kada ka ɗauki waɗannan, duk mun karanta. Kuma ga inda muke faɗuwa kullum: in za mu canza kalmar, wa muke kira? Yaron maƙwabta mai iya waya, shugaban majalisar dakali da kansa. Ya zo da ladabi, ya durƙusa ya gaida Baba, ya saita, a ba shi na kati, a sa masa albarka. Daren ranar dakali ya cika kamar yadda aka saba.

Babu mai cewa mu zama marowata, haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun riga sun warware wannan matsala da zaure: baƙo ya shigo, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa fura, amma ba ya zarcewa cikin gida. Rautoci da yawa suna da irin wannan, waifai na biyu na baƙi, da kalmar sirrinsa daban, wanda ba ya kai mutum ga saiti ko sauran na'urorin gida. Ka kunna shi ranar suna ko biki, ka ba kowa hannu sake, taro ya watse ka canza kalmar. Ɗan maƙwabcin da ke shirin jarabawar JAMB ka kira shi ka ba shi da niyya, ka samu ladanka cikakke. Wanda aka kwashe ba da saninka ba, abin da kake samu kawai hawan jini da zagin kamfani.

Saboda haka, malam, yau kafin ka kwanta ka juya na'urar nan ka canza makullan biyu da hannunka, ko da sai ka sa tabarau ka yi ta laluben haruffa. In ya gagara, ka kira 'yarka ta tsaya a kanka tana nuna maka, kai kuma ka danna. Mu kuma da muke jingine da katangar mutane, mu yi sallama mu roƙa, ko mu sayi tamu.