Tikitin Amurka a Kan Fam Ɗari

A garin Canton na jihar Ohio ta Amurka, an yi wani dattijo mai sharar wani babban kanti, sunansa James Spangler. Ciwon asma ya addabe shi, ga shi kullum a cikin ƙura yake wuni. Sai ya samo ɗan injin fanka, ya haɗa shi da sandar tsintsiya da rigar matashin kai, ya ƙera abin da ke zuƙe ƙura maimakon ya tayar da ita. Basira akwai, jari ne babu. Wata 'yar uwarsa ta gwada abin a ɗakinta, ta nuna wa maigidanta William Hoover, baduku mai ɗinka kayan doki. A 1908 Hoover ya sayi haƙƙin ƙirar, ya kafa kamfani.

Mutumin nan bai iya cika baki ba. Tallarsa guda ce: ɗauki injin ka kai gida, ka yi kwana goma kana shara kyauta, in bai yi maka ba ka dawo da shi. A kan wannan gaskiyar aka gina sunan. Har ta kai a Ingila duk injin zuƙar ƙura, ko wane ne ya ƙera shi, Hoover ake ce masa. Fadar Sarauniya ma ta ba kamfanin shaidar cewa da kayansa take aiki.

A kwana a tashi, gida ya fita daga hannun masu shi. Kamfanin Chicago Pacific ya saye shi a 1985, Maytag ya haɗiye su duka a 1989. Sababbin masu gida ba su yi gumin sunan ba, a nune suka tsince shi.

A 1992 kasuwa ta yi sanyi a Birtaniya, kaya suka yi jibgi a sito. Sai manyan reshen can suka yi shela: duk wanda ya sayi kayan Hoover na fam 100, yana da tikitin jirgi biyu kyauta, zuwa da dawowa. Da fari ƙasashen Turai aka ce. Da suka ga ciniki ya buɗe, sai kwaɗayi ya ja su suka ƙara da Amurka. Lissafinsu shi ne jama'a za su saya, amma kaɗan ne za su jure wahalar cike takardu. Sun manta talaka ma ya iya lissafi. Tikitin ya ninka kuɗin injin sau da yawa, kuma wanda ya yi alkawarin ba baƙo ba ne, sunan da aka gada tun kaka da kakanni ne. Mutane suka yi dafifi, har wanda ba shi da darduma a ɗaki ya saya.

Ranar biya ta zo, sai aka shiga kwana-kwana. Yau takardarka ba ta cika ba, gobe ranar da ka zaɓa babu kujera, jibi jirginka a wani gari mai nisa zai tashi. Wani magidanci a yankin Cumbria, injin wankinsa ya lalace, mai gyara ya zo daga kamfanin, ya kuma yi masa ba'a a kan yarda da ya yi da zancen tikiti. Bawan Allah bai yi gardama ba, ya jawo babbar motarsa ya tare ta kamfanin a ƙofar gidansa, sai da ta yi kwana 13 a nan. Gari ya ɗauka, jaridu suka samu abin yi.

Aka kori manyan da suka kitsa abin, aka yi shekaru ana shari'a. Kimanin mutum 220,000 suka samu tafiya, kamfanin ya yi asarar kusan fam miliyan 50. Injinan da aka saya don tikiti suka cika kasuwar gwanjo, sababbi fil. A daidai wannan lokaci, a 1993, wani sabon shiga mai suna Dyson ya fito da injinsa maras jaka, ya tarar da masu saye sun riga sun yi fushi, ya kwashe su.

Daga nan suna ya shiga yawo. A 1995 aka sayar da reshen Turai ga Candy na Italiya. A 2004 fada ta janye shaidarta. Reshen Amurka ya faɗa hannun Whirlpool a 2006, ya wuce ga Techtronic na Hong Kong a 2007, aka rufe tsohuwar masana'antar North Canton. Candy kuma Haier na ƙasar Sin ya saye shi a 2019. Yau jan tambarin yana nan, iyayen gida biyu ke riƙe da shi, ba wanda ya haɗa jini da baduku. Kowa ya san sunan, amma da yawa cikin masu ambatonsa kullum kayan wani suke saya. Ashe saninka daban, yarda da kai daban. Ana rubuta suna a takardar ciniki, ba a rubuta amana.

To, jama'a, ni dai labarin injin shara na ba ku, kuma a Amurka da Turai aka yi shi. Ban yi zancen masu liƙa hoton marigayi kusa da nasu a allon talla ba, ko masu hawa mumbari da sunan mahaifi suna rabon alkawarin da suka san ba ranar cikawa, ko masu sake fenti da tambari duk shekara huɗu suna zaton an manta bashin baya. In wani ya ji zuciyarsa ta yi ɗar, kada ya ga laifina. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.