Farautar Giwan Ruwa a Komadugu

Malaman mazhabar Imamu Malik, Allah ya saka musu da alheri, sun sauƙaƙa wa al'umma a babin abinci da suka halatta dukan abin da ke rayuwa cikin ruwa ba tare da sharaɗin yanka ba; sai dai sun bar mas'alar kama shi a hannun masunta, su kuwa masunta mutane ne masu rowar bayani, musamman ga baƙon da ya zo da alƙalami a aljihu.

Ni mutumin Damagaram ne, aikin koyarwa a lakkol ya kawo ni Diffa, kuma tun saukata ba abin da dattawa ke cika mini kunne da shi kamar giwan ruwa. Suna cewa a zamanin da Tafkin Cadi ke cike, wajen 1963, lokacin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 har ruwansa na lasar bakin Gigimi, akan fito da wanda ya fi ƙato nauyi, sai an rataya shi a sanda mutum biyu su ɗauka. Abin da ba su cika ƙarawa ba shi ne farin 1973 da na 1984 sun janye tafkin, madatsar Tiga ta 1974 da ta Calawa ta 1992 kuma suka rage abin da ke gangarowa Komadugu daga wajen Haɗeja, har kifin nan mai son zurfi ya bar wa tarwaɗa da karfasa gari. Wannan ilmi na same shi daga baya, kuma da tsada.

Aka haɗa ni da wani tsohon Basarke, wanda iyayensa suka zo daga ƙasar Kabi bin kifi, muka yi ciniki a kan jika biyar cewa zai kai ni farautar giwan ruwa a wani tabki da kogi ke cikawa gabas da gari, wajen Geskeru. Muka tashi da asuba cikin watan Disamba, hunturu na yanka kunne, muka ratsa gonakin tattasai da injinan ban ruwa, ni kuwa ina rungume da fatsa 'yar ƙasar waje mai abin naɗe zare, wadda ke da ɗan kifin roba mai ƙyalli a bakinta. Tsoho ya karɓa, ya jujjuya shi a tafin hannu, ya shinshina, sannan ya ce, "Mushe, to da shi za a yi miyar, ko shi ma sai an nemo masa abinci?"

Da muka isa bakin ruwa na tambayi kwalekwale, sai ya ce ƙanensa ya tafi da shi dakon buhunan tattasai, amma ga abin hawa wanda ya fi shi albarka, ya nuna mini gora. Wanda bai san goran masunta ba, wani ƙaton duma ne wanda hannu biyu ba su kewaye shi, da ɗan baki a sama. Masunci kan kifa cikinsa a kai ya toshe bakin, ya riƙa tuƙi da hannuwa da ƙafafu, in ya kama kifi ya ɗaga ƙirji ya jefa ciki. Ga ɗan gado wannan wasa ne. Ni kuwa, da rigata da hulata da ɗan tumbin da albashi ya tara mini, duk lokacin da na daidaita gaba sai baya ya nutse, in na gyara baya sai gemu ya sha ruwa, har yaran da ke kiwon awaki suka bar awakinsu suka jeru a gaɓa kamar masu kallon dambe.

Bayan rana ta ɗaga, alhali na gama karanta duk addu'ar shiga jirgi da na haddace, sai na ji an fizgi zare. Na naɗa, na naɗa, zuciyata na raya mini irin walimar da za a yi a unguwa, sai ga wani kifi ya ɓullo, gajere, mai taushin jiki da ɗige-ɗige da 'yan gashin baki, ba ko ɓawo a jikinsa. Tsoho ya ɗaga murya daga nasa goran, amma iska ta tafi da farkon maganar, abin da ya iso kunnena kawai shi ne "taɓa shi!" Da yake an hore mu da bin umarnin malami, na damƙe shi da hannu biyu.

Minjirya ce. Allah cikin hikimarsa ya ajiye wa wannan baiwa tasa wutar lantarki a jiki, kuma ta ba ni rabona cikakke tun daga yatsa har ƙeya, na yi salati da ƙarfin da ban taɓa yi a masallaci ba, fatsa ta tafi gabas, minjirya ta tafi yamma da kifin roba a bakinta. Kafin hannuwana su dawo hayyacinsu, iskar hunturu da ke busowa daga arewa ta tura ni ta mashigar tabkin zuwa cikin kogi, kuma da yake Komadugu a wannan yanki ita ce iyaka, ban farga ba sai ga ni a Najeriya, ba takarda, ba takalmi, a gaban waɗansu mata masu shanyar tattasai. Suka yi mini tambaya da Barbarci, ruɗewa ta sa na amsa da Faransanci.

Wani dattijo mai tausayi ya ba ni bargo da shayi. Da azahar ta yi na tambaye shi ko kasaru ta halatta gare ni, tun da na bar ƙasata. Ya ce sharaɗin kasaru tafiyar mil 48 ce tare da niyya, ni kuwa ko rabin mil ban yi ba, niyyar ma ta iska ce, saboda haka in cika raka'a huɗu.

Can sai ga Basarke ya iso, goransa cike da karfasa. Na ce, "Baba, ina giwan ruwan da muka yi alkawari?" Ya ce, "Mushe, cewa ka yi in kai ka farautarsa, na kuwa kai ka. Da ka ce in kai ka inda yake, da na faɗa maka kuɗin motar Cadi." Ya ƙara da neman ladan fito na komowa, wai wannan ƙetare ƙasa ne, ba ya cikin cinikin farko, kuma da naira ake biya. Na biya, na sayi banda ƙulli guda a hanya don kada in shiga gida hannu rabbana.

Duk wanda ya tsinci fatsa mai baƙin mariƙi tsakanin Geskeru da Boso, ya tuna shari'a ta wajabta cigiyar tsintuwa har shekara guda. Ana samuna a lakkol kullum ban da Asabar da Lahadi.