Bazazzagi, Ka Bar Haruffan Mutane Su Huta

Bawana na Birmingham, labari ya iso mu nan Manchester cewa kana bin shagunan 'yan Polan kana karanta allunansu da ƙarfi, kana cewa wai kaza ce ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Wai baƙaƙe sun yi cunkoso, wasula sun gudu. To gyara zama, ubangidanka Bakano zai ba ka karatu, kuma kyauta, abin da ka san ba halinmu ba ne.

Mu fara da ƙwallo, tunda nan iliminka ya tsaya. Ran 27 ga Fabrairun 2011 a Wembley, Birmingham City ta lallasa Arsenal da ci 2-1. Žigić ya ci ta farko, Obafemi Martins ya ci ta biyu bayan gola Szczęsny da ɗan bayansa sun rikice a gaban raga. Har yau kana ba da labarin nan, amma in ka zo kan sunan golan sai tari ya sarƙe ka. Ba wuya fa. A rubutun Polan "sz" shi ne "sh" ɗinmu na shinkafa, "cz" shi ne "c" na ciniki, ƙugiyar da ke ƙarƙashin "e" kuwa tana nufin ka bi da shi ta hanci. Shcensni ke nan. Haka Kuszczak, wanda ya tsare ragar West Brom da Manchester United da Birmingham City: Kushcak. Haruffa biyu, sauti ɗaya, ko yaushe. Mu da ke rubuta "sh" da "ts" wa za mu yi wa dariya?

'Yan Cek ba su son tara haruffa, sai suka ɗora wa harafi 'yar hula: š, č, ž. Ana danganta dabarar ga Jan Hus, malamin cocin da aka ƙone a 1415, kuma Ljudevit Gaj ya aro ta wa mutanen Kuroshiya a 1830. Tunani ɗaya ne da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ ɗinmu.

In kana son ganin gwanaye, ba sai ka hau jirgi ba. Ka je Bournville, unguwar masana'antar Cadbury, na san hancinka ya san hanyar. Akwai cocin Sabiyawa a wurin, Lazarica, tun 1968. Rubutun da za ka gani shi ne Sirilik, wanda ya samo tushe daga haruffan Girka a Bulgeriya wajen ƙarshen ƙarni na 9. Addini ne ya raba gidan Silabawa (su 'yan Polan, 'yan Cek da Sabiyawa) biyu: masu bin Roma suka ɗauki haruffan Latin, 'yan Otodoks suka riƙe Sirilik, kamar dai boko da ajami a wurinmu. Vuk Karadžić na Sabiyawa, a ƙamusinsa na 1818, ya share duk harafin da ba ya aikin komai, ya ƙaro waɗanda babu. Yau Sabiyawa na da haruffa 30, kowane da sautinsa ɗaya tak. Yaro ya haddace su, ya kusa gama da ƙa'idar rubutu.

Ba na ce duk haka suke ba. Rashawa na da haruffa 33, amma suna rubuta madara "moloko" su furta "malako", don "o" da ba a danna ba kan karkata zuwa "a". 'Yan Polan ma "rz" da "ż" ɗaya suke a baki, haka "ó" da "u", kuma birnin Łódź kusan Wuj ake kiransa. Sai dai mai karatu ba ya ɓata, in ya san doka ya san furuci. Kai fa? Ina "h" ɗin Birmingham yake shiga in 'yan gari suna magana? Ina "w" ɗin Smethwick? Ka haɗiye Leicester ba ka ce uffan ba, don na Bature ne.

Sai bokonmu, wanda a garinku aka yi masa kwaskwarima, inda aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Kun ba mu ƙugiyoyi, mun gode, amma kun bar tsawon wasali da karin sauti a kwandon shara. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya. Kuka na hawaye da kuka ta miya haka. Ɗan Cek kuwa ɗan layi yake ɗorawa a kan wasali mai tsawo, shi ke nan. Ajamin kakanninmu ma yana nuna tsawon.

Ƙidayar 2021 ta sami mutum kusan 612,000 a Ingila da Wales da Polanci ne babban harshensu, na biyu bayan Ingilishi, saboda haka maƙwabtanka ne, gara ka koyi gaisuwa. Amma ka tsaya a gaisuwar. Nahawunsu jinsi uku gare shi: namiji, mace, da wanda ba ko ɗaya. Kai da har gobe kake cewa "matana ya dawo daga kasuwa", biyun ma sun gagare ka.