Muciyar Hajiya a Ƙarƙashin Mota

A Ingila, motar da ta haura shekara 40 ana ɗauke mata harajin hanya, ana kuma yafe mata binciken lafiya na shekara-shekara. Da wannan hujja na shawo kan Hajiya ta bar ni na sayo MGB ƙirar 1965, ja jawur, mai kujera biyu da rufin tamfol, na shigar da ita garejinmu a bayan garin Landan. Na yi mata bayani cewa a Abingdon, kusa da Oxford, aka yi ta ƙera irinta daga 1962 zuwa 1980, sama da rabin miliyan. Ta zagaya motar, ta leƙa ciki, ta ce, "Maigida, mu shida ne a gidan nan. Sauran huɗun a kan bonet za su zauna?"

Ba a jima ba wata safiya na murɗa makulli, shiru. Na ɗaga bonet don in duba batir, babu batir, babu ma gurbinsa. Na fito waje ina salati ina cewa ɓarayi sun shigo. Maƙwabcina, wani dattijon Bature da ya yi ritaya daga kanikanci, ya tako a hankali da kofin shayinsa, ya ɗage kafet ɗin bayan kujeru, ya cire wani murfin ƙarfe. Ga su nan kwance, batir biyu masu bolt 6-6, an haɗa su suna ba da 12. Ya kuma ja mini kunne cewa irin waɗanda aka ƙera kafin 1967, kan batir mai alamar tarawa shi ake ɗaurewa a jikin mota, akasin motocin yanzu. Nan na gane dalilin hayaƙin da ya fito daga sabon rediyon da ɗana ya haɗa mini.

Ɗigar baƙin mai kuwa, dattijon ya ce in kwantar da hankalina, ranar da ta daina ɗiga ce ranar tashin hankali, don ya ƙare ke nan. Na tura mata tsohon faranti.

Inda aikin yake shi ne kafireta. Injin mai silinda huɗu ne, cc 1798, amma kafireta biyu gare shi ƙirar SU, kuma zamansu zaman kishiyoyi ne: in ɗaya ta fi ɗaya shan iska, gidan ba lafiya. Kowace tana da ɗan murfi a ka da ake kwancewa a ɗiga mata mai, in ya ƙafe motar ta riƙa tari idan ka taka totur. Daidaita su kuma da kunne ake yi. Za ka sami tiyon roba, ka sa baki ɗaya a maƙogwaron kafireta, ɗayan a kunnenka, ka saurari hucin wannan, ka saurari na waccan, kana juya sukuru har sautin ya zo ɗaya. A haka Hajiya ta same ni bayan isha'i, tiyo a kunne, ido a rufe, ina gyaɗa kai ni kaɗai. Ba ta ce komai ba. Sai ji na yi ana tofa mini addu'a a ƙeya.

Duk da haka motar ta ci gaba da mutuwa lokacin da ta ga dama. Na sauya fulogi, na gyara tazarar kwantak, na sake tiyon fetur saboda man E10 da aka fara sayarwa a 2021 yana cin tsohuwar roba. Dattijon ya bar ni na gama, sannan ya ce in murɗa makulli in kasa kunne. Famfon mai na lantarki ne, yana can ƙasa kusa da tayar baya ta dama, kuma in yana da lafiya sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas kafin inji ya tashi. In ya tsufa, 'yan ƙarafan da ke haɗa masa wuta sukan maƙale. Magani kafin a sauya su shi ne a ɗan ƙwanƙwasa shi, amma da katako, kada guduma ta fasa shi. Na duba gidan kaf, katakon da tsawonsa ya isa wurin ɗaya ne, yana rataye a kicin.

Ranar Juma'a na ci ado, babbar riga ta sha sitati, hula zanna bukar. Shiga motar da kujerarta ke dab da ƙasa cikin wannan shiga aiki ne na mutum biyu, amma na shige. Muna isa tsakiyar wani shataletale ta yi tari ta mutu. Oda ta ko'ina. Na fito, na naɗe hannuwan riga a kafaɗa, na durƙusa a kwalta, na zura muciya ƙarƙashin mota ina bugu. Ina cikin haka na ga baƙaƙen takalma kusa da hancina. 'Yar sanda ce.

"Yallaɓai, me motar ta yi maka?"

Kafin in haɗa amsa sai ga ƙas-ƙas-ƙas. Ta yi murmushi, ta ce mahaifinta ma haka yake fama da tsohuwar Morris Minor ɗinsa, shi da ƙotar tsintsiya yake yi. Ta karɓi muciyar ta jinjina nauyinta, ta tambaye ni a wane shagon kayan gyara ake samun irinta. Na ce sai Kasuwar Kurmi, a Kano.

Na dawo gida na tarar da ruwan tuwo ya tafasa ya gaji, Hajiya tsaye riƙe da ƙugu. Ta dubi muciyar, baki ya yi baƙi ƙirin da mai da laka, ta ce, "Riƙe abarka, Maigida, na bar wa amarya." Har aka sami mai zuwa daga Kano ya taho da sabuwa, taliya muka yi ta ci.