Mutanen Layin Lilo A Gidan Disney

A kusa da birnin Orlando na jihar Fulorida, a Amurka, akwai wani lilo da ake kira Flight of Passage, a ɗaya daga cikin manyan wuraren shaƙatawa huɗu na Disney World. An buɗe shi a 2017. Hawansa bai cika minti biyar ba, amma a ranar da wurin ya cika, jiran awa biyu a layinsa ba abin ba da labari ba ne. Wato mutum ya hau jirgin sama, ya kama ɗakin otal, ya biya kuɗin ƙofa sama da dala 100, duk don ya tsaya yana kallon ƙeyar wani. Tun da ƙeya ba ta da abin kallo da yawa, dole ido ya koma kan halin masu ita.

Amma a fara sanin yadda aka yi layin ya rabu biyu. A 1999 kamfanin Disney ya fito da FastPass: ka sa tikitinka a na'ura, ta tofo maka 'yar takarda mai lokaci, ka tafi yawonka, idan lokacin ya yi ka dawo ka bi gajeren layi. Ko sisi ba a karɓa. Annobar korona ta rufe wuraren a 2020, aka dakatar da tsarin, kuma bai sake dawowa ba. A watan Oktoban 2021 sai ga magajinsa, Genie+, a kan dala 15 kowane mutum a rana, da gajeren layinsa mai suna Lightning Lane. Daga baya farashin ya koma hawa da sauka gwargwadon cikar rana. A 2024 aka sake masa suna, aka kuma ƙaro wani tikitin na manya, Premier Pass, wanda a lokacin a Magic Kingdom, ɗaya daga cikin wuraren huɗu, yakan kai dala 449 kan mutum ɗaya, ban da kuɗin ƙofa. A 1971 da aka buɗe wurin, dala 3 da rabi babba ke biya ya shiga. Duk wanda ya taɓa kwana a layin mai a Kano ko Kaduna, ya ga wata baƙar mota ta shigo ta ƙofar fita an cika mata tanki, ya san wannan tsari. Bambancin kawai shi ne a Fulorida alfarmar tana da farashi a rubuce, ana ba da rasit, mai tsaron ƙofa kuma yana murmushi.

Tun ƙofa ba ta buɗe ba za ka fara cin karo da Kwamanda. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, ya shafe watanni yana nazarin taswirar wurin. Kwanaki kafin tafiya, ƙarfe 7 na safe daidai, ya riga ya zauna da waya a hannu yana kama gurabe, don a lokacin ne kamfani ke buɗe kasuwar. Ran zuwa kuwa tun duku-duku ya tashi kowa. Yana da jadawali a rubuce: ƙarfe 9:05 Space Mountain, 9:50 jirgin ruwa, 11:20 ban ɗaki, minti huɗu. Idan autarsa ta ja masa riga ta ce, "Baba, ga agwagwa!" sai ya ce, "Agwagwa ba ta cikin tsari." Matarsa tana biye da keken goyo tana haki, tana cewa, "Baban yara, mu ɗan zauna mana," shi kuwa idonsa na kan waya yana neman gurbi na gaba. Da daddare zai ƙirga lilo goma sha huɗu da suka hau, ya yi ta mamakin abin da ya sa ba mai yi masa magana a mota.

Sai Mai Aljihu, wanda ya biya ya wuce. Iri biyu ne. Akwai mai kunya: gajeren layin a wurare da yawa yana bi ta gefen dogon, shinge kawai ya raba su, don haka sai ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa, ko ya kara waya a kunne alhali ba wanda ya kira shi. Akwai kuma mai taƙama, wanda ke rage sauri da gangan, yana lasar askirim, yana duban fuskokin da rana ta dafa ɗaya bayan ɗaya, don a ganinsa rabin abin da ya saya ke nan. Sama da su duka akwai wanda ya ɗauki jagora na musamman, daga dala 450 zuwa sama a kowace awa, kuma ba a ɗaukar ƙasa da awa 7. Shi da ƙyar ma za ka gan shi. Layinku ne kawai zai tsaya.

A bayanka kuwa, kana so ko ba ka so, akwai Ɗan Ƙa'ida. Yana da kuɗin, amma ya rantse ba zai biya ba. Sanye yake da tsohuwar rigar Mickey da ta koɗe, kuma kafin ku juya kwana biyu na layin ya ba ka tarihin FastPass tun daga 1999, har da launin takardar. Ya ce kamfani ya lalace, ya ce wanda ya kafa shi da yana raye da bai yarda ba, ya ce wannan ce zuwansa ta ƙarshe. Matarsa ta dube ka ta girgiza kai, don bara ma haka ya faɗa, kuma tikitin shekara ne a aljihunsa.

Abin haushin shi ne yana da gaskiya, kuma abokinsa Akawu zai tabbatar maka. Akawu yana tsaye a inda layukan biyu suka haɗu, leɓensa na motsi: "Goma sha shida... goma sha bakwai... mu kuma huɗu." Yana ƙirga mutum nawa ma'aikaci ya sako daga layin biya kafin ya waiwayi layin jama'a. Lissafin ba shi da wuya. Kowane lilo yana da adadin da yake iya ɗauka a awa, kuma sayar da tikitin tsallake ba ya ƙara kujera ko ɗaya. A ce, misali, kujera 1,500 ce a awa. Duk wadda aka ba mai biya, daga rabon mai jira aka cire ta. Dogon layin ya ƙara nauyi, nauyinsa kuma shi ne tallan gajeren. Ni a ganina nan ne wayon yake: wahalar da kake sha ita ce hajar da ake sayar wa na kusa da kai. Akawu yana kuma auna allon da ke ƙofa. An rubuta minti 60, ya kama agogo ya ga 48, sai ka gan shi yana washe baki ya ci ribar minti 12, ya manta da 48 ɗin. Shi ne kuma kaɗai ba ya ruɗuwa da yadda aka murɗa layin a bayan bangaye. Sauran jama'a da sun hango wata ƙofa sai su ce an iso, su kutsa, su tarar da wani zauren cike da mutane.

Kar a ɗauka rashin biya yana nufin haƙuri. Ga Mutanena-Na-Gaba nan tafe, yana kutsawa da kafaɗa: "Gafara dai, don Allah, mutanena na gaba." Ka matsa masa. Bayan minti uku ga matarsa, ita ma mutanenta na gaba. Sai surukarsa, sai samari biyu riƙe da lemo. Mutanen nasu da ke gaba kuwa yaro ne ɗan shekara tara da aka girka tun safe. Wannan ƙaramin ɗan damfara ne idan aka gwada shi da waɗanda jaridar New York Post ta ba da labarinsu a 2013: masu hannu da shuni da ke hayar masu buƙata ta musamman su raka su, don su mori sassaucin layi da aka tanada wa naƙasassu. A shekarar Disney ta sauya tsarin, kuma masu buƙatar gaskiya su ma sun ɗanɗana kuɗarsa.

Ɗan'uwansa shi ne Uban Ƙara Tsawo. Ba a hawa Space Mountain na Magic Kingdom sai yaro ya kai inci 44, kimanin santimita 112. Ɗansa ya gaza da yatsa biyu. Sai ka gan shi a bayan kanti yana cusa takardar goge hannu a takalmin yaron, yana tayar masa da gashi, yana raɗa masa, "Ka miƙe sosai, ka ja numfashi." Ma'aikaciyar da ke riƙe da sandar awo ta ga irinsa ɗari. Ta durƙusa, ta yi murmushi, ta ce, "Yallaɓai, sai dai baɗi." Ƙarfen da ke danne cinya an ƙera shi ne don jiki mai wani girma, takardar goge hannu kuwa ba ta riƙe yaro idan jirgi ya sha kwana.

Duk wannan wasa ne. Ana gane mutane da kyau ne lokacin da kiɗa ya ɗauke, fitilu suka kunnu, wata murya mai sanyi ta ce an samu ɗan tsaiko. Ma'aikata a tsakaninsu lamba suke faɗa, 101, don kar jama'a su ji an ce lalacewa.

Nan take Injiniyan Baka zai bayyana. Bai taɓa riƙe sifana ba, amma ya san matsalar: "Birki ne. Tun ɗazu na ji ƙararsa." Na kusa da shi ya ce a'a, wuta ce. Sau da yawa kuwa ba abin da ya karye. An raba hanyar jirgin majaujawa kashi-kashi, kuma doka ita ce jirgi biyu ba sa shiga kashi ɗaya a lokaci guda. Na'urori masu sa ido suna jere a kan hanyar. Da ɗaya ta ba da labarin da bai dace da na 'yan'uwanta ba, ko an yi jinkirin sauke fasinja har jirage suka taru, kwamfuta sai ta tsayar da komai. Hular wani da ta faɗa kan hanya tana iya jawo haka. Idan damina ce kuma, tsawar la'asar ta Fulorida kaɗai ta isa a rufe duk lilon da ke fili.

A nan jama'a ke rabuwa. Mai Zuciya ya yi tsaki ya fita. Mai Naci ya ce, "Bayan minti saba'in? Ko gawata ce sai ta hau." Ya zauna a ƙasa, ya jingina da shinge, ya buɗe gurasarsa. Mai Aljihu kuwa ko a nan bai faɗi ba: idan lilo ya tsaya a lokacin da aka ba shi, wayarsa takan karɓi wani gurbin da zai yi amfani da shi a wani wuri. Shi da ire-irensa sai su kwarara can, layin jama'a na can ya ƙara tsayawa, waɗanda ke cikinsa ba su ma san laifin da suka yi ba.

Wanda ba ya cikin hoton kowa shi ne makanike. Aikinsa yana farawa ne bayan an kwashe mutane: ya bi hanya da tocila, ya duba tayoyi, birki, ƙusoshi da ƙarafan danne cinya, da safe a saki jirage ba kowa a ciki kafin a bari ɗan'adam ya zauna. Idan ya yi aikinsa da kyau ba mai sanin yana duniya. Babban gyara kuwa yana son a rufe lilo makonni ko watanni, lilon da aka rufe kuma ba ya sayar da tikitin tsallake. A lilon Expedition Everest, wanda aka buɗe a 2006, an ƙera wani ƙaton dodon ƙanƙara da ke kai wa jirgi cafka. Bai yi shekaru da yawa ba aka daina motsa shi, aka haska masa fitila mai walƙiya don ido ya ɗauka yana motsi. Masoya wurin suka raɗa masa Disco Yeti, har ana sayar da riguna da sunan. Wannan na dariya ne. Wanda ba na dariya ba ya faru a Carowinds, wani wurin shaƙatawa da ba na Disney ba, a kan iyakar jihohin Karolina ta Arewa da ta Kudu, a ƙarshen watan Yunin 2023: wani baƙo ne ya hango tsagewa a saman ginshiƙin Fury 325, jirgin majaujawa mai tsayin ƙafa 325, ya ɗauki bidiyon ginshiƙin yana gocewa jirgi na wucewa da mutane. Aka rufe, aka sa sabon ginshiƙi, aka sake buɗewa a watan Agusta. Injiniyoyin Baka na duniya sun samu hujjar da za su ci shekara goma suna kafawa.

Saura biyu. Jarumi shi ne wanda tun daga otal yake cika baki, yana tsokanar ƙannensa da matsorata. Yana kusantar ƙofa surutunsa na raguwa. Da ya ji ihun waɗanda ke ciki sai ya tuna bayansa na ciwo, ya tambayi ma'aikaci a hankali, "Ɗan'uwa, ina hanyar fita?" Akwai ta kuwa, an tanada domin irinsa. Ita ko Kaka tun safe ta samu benci a inuwa, an jibge mata jakunkuna, huluna da jariri mai barci. An biya mata kuɗin ƙofa cif, ba ta hau komai ba, kuma da yamma ita kaɗai ce ƙafarta ba ta kumbura ba, ita ce kuma ke da labarin kowa.

Mai karatu, idan Allah ya kai ka Orlando, kafin ka sayi tikiti ka duba jerin lilon da aka rufe don gyara, kamfanin yana sanarwa a shafinsa na intanet. Idan kuma ka waiga ka ga mai koɗaɗɗiyar rigar Mickey a bayanka, ka gaishe shi da hannu kawai. Kar ka kuskura ka tambaye shi yadda wurin yake a da.